Tura Yaro Gida Kafanchan Ba Ya Raba Shi Da Ƙwaya

Tsohuwar al'ada ce a wurin 'yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Fatakwal da Anaca, idan yaro ya fara gagara, sai a haɗa masa kayansa a sa shi a mota, a ce ya tafi gida wurin kakanninsa ko baffansa ya sami tarbiyya. Mutanen Kafanchan da Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Kachia, Musulminsu da Kiristansu, duk sun san wannan dabara, kuma a da tana aiki, domin a lokacin ɗa na kowa ne. Amma yau uban da ya tsinci ƙwaya a aljihun ɗansa a Agege, ya tura shi gida yana zaton ya raba shi da ita, sau da yawa idon da ke lura da yaron kaɗai ya raba shi da shi. Ƙwayar ta riga yaron isa gida.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a watan Janairu na 2019, ya nuna cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun sha kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da taba sigari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan tiramadol da danginsa miliyan 4.6, masu shan maganin tari don maye miliyan 2.4. Cikin kowane mutum huɗu masu shaye-shaye, ɗaya mace ce. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, kuma hukumar NDLEA, wadda aka kafa a 1989, tana ta kame. Duk da haka babu wani yanki na ƙasar nan da zai bugi ƙirji ya ce ya tsira.

Kudancin Kaduna kuwa yana da nasa ciwo na daban. Jirgin ƙasa ne ya gina Kafanchan tun shekarun 1920, inda layin da ya taso daga Fatakwal ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos. Da harkar jirgin ta durƙushe, ayyukan da ke rataye da ita suka bi ta. Citta, wadda manoman Kachia da Jaba da Kagarko ke biyan kuɗin makaranta da ita, cuta ta faɗa mata a daminar 2023, gidaje da yawa suka tashi a tutar babu. Ga kuma tashin hankali. Yaron da aka haifa a 2008 yana da shekara 3 aka ƙone kasuwar Kafanchan a rikicin bayan zaɓe na watan Afrilu 2011, yana da 8 aka kai hare-haren Godogodo da Goska a 2016, yana da 12 aka sa dokar hana fita a Jema'a da Kaura da Zangon Kataf a 2020. Wanda ya tashi yana kwana da takalmi a ƙafa don shirin gudu, ko ya ga gawar ɗan'uwansa, ba kullum barci ke ɗaukarsa ba. Idan abokinsa ya miƙa masa abin da zai sa ya manta, da wuya ya ƙi.

Nan ne shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa suke haɗuwa, kowanne yana jan ɗan'uwansa. Wani yaron firgici da baƙin ciki ne ke kai shi ga ƙwaya, wani kuma ƙwayar ce ke taɓa masa hankali. Likitoci sun tabbatar da cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba ta gama nuna sai wajen shekara 25, saboda haka abin da babba zai sha ya tashi, yana iya yi wa yaro illa mai daɗewa. Wanda ya fara wiwi da ƙuruciya, ya kuma dage a kanta, ya fi shiga haɗarin fara jin muryoyi da zargin kowa. Tiramadol da leburorin gona da 'yan acaɓa ke sha don kashe gajiya, sau da yawa mai ƙarfin miligiram 225 ne, alhali wanda doka ta yarda da shi 50 ne ko 100, kuma yawansa na jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Alamun ba ɓoyayyu ba ne: rashin barci ko yawansa, fushi babu dalili, ƙin makaranta, ɓacewar kuɗi a gida, da keɓe kai daga mutane. Kaka mai shekara 70 ba ta san waɗannan ba. Ita dai ta ga jikanta ya yi shiru, sai ta ce ya natsu.

Idan abin ya fito fili, kunya ke sa iyali su ɓoye. A ce aljanu ne ko sammu, a kulle yaro a ɗaki, ko a kai shi gidan mari. Bai kamata a manta da abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019 ba, inda suka fitar da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Iyaye ne da dangi suka kai yawancinsu da hannunsu, don ba su ga wata ƙofa a buɗe ba. Asibitin Tarayya na masu ciwon ƙwaƙwalwa da ke Barnawa yana da nisan kimanin kilomita 200 daga Kafanchan, kuma likitocin wannan fanni a duk Nijeriya ba su kai 300 ba. Manomin da cittarsa ta ruɓe ina zai sami kuɗin mota da na masauki?

Maganin wannan ba sai an tafi Turai nemansa ba. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda ake saukar da marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, kowa tare da wani ɗan'uwansa, suna karɓar magani ba tare da an yanke su daga jama'a ba. Duniya ta yaba da wannan tsari. Kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a watan Janairu na 2023, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta amince cewa mai wannan lalura mara lafiya ne mai haƙƙi. Abin da ya rage shi ne dokar ta sauko daga takarda ta iso Jema'a.

Saboda haka wajibi ne gwamnatin jiha da ta tarayya su tanadi sashen kula da masu shaye-shaye da ciwon ƙwaƙwalwa mai isassun ma'aikata a babban asibitin Kafanchan, a kuma horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin karkara da malaman sakandare su gane alamun tun da wuri. Limamai da fastoci, waɗanda su ake fara kai wa kuka, su yi addu'a su kuma nuna hanyar asibiti. Ƙungiyoyin 'yan gida da ke taro kowane wata a biranen kudu suna tara kuɗin biki da na kai gawa gida, ya dace su ware wani abu don jinyar yaran da ke raye.

Amma nauyi na farko yana wuyan iyaye. Wanda ya ga alama a ɗansa ya zauna da shi, ya tambaye shi abin da ke damunsa, ya kai shi ga likita a inda suke, domin Yaba ta Ikko da Aro da asibitin koyarwa na Badun duk sun fi masa kusa da Barnawa. In kuwa tilas ne a tura shi gida, to a gaya wa mai riƙonsa gaskiyar dalili, kada kuma a riƙa aika wa yaro kuɗi a hannunsa ba a san inda suke zuwa ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai ya tsaya kusa da iccen.