Daga Augie Zuwa Yankari: Mu Shirya Kafin Mu Tashi



Mu da muka taso a Augie mun san kifi, mun san shinkafar fadama, kuma da yawanmu mun kalli bikin kamun kifi na Argungu a Matan Fada. Amma mu nawa ne muka taɓa ganin giwa ido da ido? A karin magana da tatsuniya kawai muke jin sunanta. Wannan ne ya sa bara mu bakwai, 'yan garinmu da ke jami'a, muka haɗa kuɗi muka nufi Yankari. Sai dai mun tafi ne a watan Agusta, damina ta yi tsakiya, ciyawa ta fi mutum tsawo. Kwana biyu muka yi a hanya, ba mu ga giwa ko ɗaya ba. Birai kawai muka gani, su ma burodinmu suka wawushe. Ga abin da muka koya, don kada ku maimaita kuskurenmu.

Na farko, zaɓen wuri. Gandun dajin Kainji, wanda aka kafa a 1979, ya fi kusa da mu, haka ma gandun W da ke Jamhuriyar Nijar. Amma duka biyun sun yi fama da 'yan bindiga a shekarun nan, don haka kusancinsu kada ya ruɗe ku. Yankari tana ƙaramar hukumar Alkaleri a Jihar Bauchi. An keɓe ta a 1956, aka buɗe ta ga maziyarta a 1962, kuma faɗinta ya haura murabba'in kilomita 2,200. Akwai giwaye da ɓauna da gwanki da dorina da kada.

Na biyu, lokaci, kuma nan ne muka faɗi. Da damina ruwa yana ko'ina, dabbobi sai su warwatsu cikin daji. Da rani kuwa, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, tafkuna sun ƙafe, ganye ya zube, ƙishi yana koro su bakin kogin Gaji, inda ake ganinsu cikin sauƙi. Hutun ƙarshen zango na biyu ya dace da wannan lokaci. Ku fita zagaye da sanyin safiya ko da la'asar, domin da rana tsaka dabbobi suna laɓewa a inuwa.

Na uku, izini da tsaro. Kada kowa ya tashi sai da amincewar iyaye da shugaban makaranta, tare da rakiyar malamai maza da mata. Ku tambayi halin da hanya take ciki a makon tafiyar, ku yi tafiyar rana kawai, ku kwana a gari idan yamma ta yi. In aka ce hanya ba lafiya, a ɗage tafiyar. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Na huɗu, kuɗi. Ku fara adashi tun zango na farko. Ku lissafa kuɗin mota, na shiga, na masauki, na motar zagaye da na abinci, bayan malaminku ya tuntuɓi hukumar gandun ya ji farashin yanzu.

Idan kun isa, ku bi umarnin jagora. Ba a sauka daga mota, ba a ihu, ba a ba birai abinci. Ku riƙe littafi ku rubuta sunan kowace dabba da Hausa da Turanci. Bayan zagaye, ga ruwan ɗumi na Wikki, mai zafin digiri 31 rani da damina, garau har kana hango yashin ƙasansa.

Giwayen Yankari suna cikin 'yan kaɗan da suka rage a Najeriya, kuma mafarauta ba su ƙyale su ba. Wanda ya gan su da idonsa zai fi jin zafin ɓacewarsu. Mu dai mun sake fara adashi, a watan Maris za mu koma in Allah ya yarda. Wace makaranta ce a Augie za ta riga mu zuwa? Ku rubuto mana.