Ido da Kasuwa: Yadda Ake Gane Wuƙa ta Ƙwarai

Ranar kasuwa a Dakwaro, ko Sakabal, ko Bermo, wuƙaƙe na shimfiɗe bisa tabarma suna walƙiya. Makiyayi ya saida akuya, ya sayi wadda ta fi ado. Bayan wata guda ƙota ta fara girgiɗi, baki ya naɗe. Kuɗin akuya sun tafi. Abin da ya fi muni, wuƙa marar kaifi tana wahalshe da dabba wajen yanka, wadda ta ɓalle kuwa hannun mai ita take ci.

Mai saye ya fara da ƙarfe, ado ya jira. Ya zare wuƙar, ya ɗaga ta wajen haske, ya dube ta daga gindi har tsini. In ta karkace, ya aje. In ya ga ƴar tsaga, ko da kamar silin gashi ce, ya aje, nan za ta karye.

Daga nan sai ruwan da ƙarfen ya sha. Maƙeri yana gasa ƙarfe ya yi ja, ya tsoma shi cikin ruwa ko mai, don ya yi tauri. In taurin ya yi yawa, baki ya riƙa gutsurewa. In bai isa ba, baki ya lanƙwashe. Magagari ke raba gardama. A nemi izinin mai kaya, a goga shi kaɗan kusa da baki. In ya kama ƙarfen kamar yana cin itace, ƙarfen ya yi laushi. In yana zamewa, da ƙyar yake kamawa, an dace. Maƙera da yawa suna aiki da ƙarfen sifirin na tsohuwar mota, kuma ƙarfe ne mai kyau in ya samu gwani.

Can ƙasar Japan ma haka batun yake. Suna da gajerar wuƙa, tanto, wadda tsawon ƙarfenta ba ya wuce santimita 30. Maƙerinsu yakan shafa yumɓu mai kauri a bayan wuƙar, ya sa kaɗan a baki, kana ya tsoma ta a ruwa. Baki ya yi tauri, baya ya rage da ɗan laushi don kada ta karye. Wannan aiki yana barin wani zane mai kama da igiyar ruwa a jikin ƙarfen. Sai mutum ya yi shekara 5 yana koyo kafin gwamnatinsu ta ba shi takardar izinin ƙira. Amma masu jabu sun iya zana igiyar da ruwan asid bisa ƙarfen banza.

Irin wannan wayo ba baƙo ba ne a nan. Tsofaffin takubban Buzaye, waɗansu daga garin Solingen na Jamus ƙarfensu ya fito, kuma an san alamar jinjirin wata da ake bugawa a jikinsu. Tun da daɗewa ake kwaikwayonta. Alama ba ta yanka nama.

Sai ƙota. Wutsiyar ƙarfen ya kamata ta ratsa ƙotar har ƙarshe, a danne kanta da guduma. Mai saye ya riƙe ƙota, ya girgiza. In ya ji motsi ko ƙwas-ƙwas, wutsiyar gajera ce, danƙo kawai ke riƙe da ita. Ya duba zobban tagulla da na jan ƙarfe, ya sa farce a ƙarƙashinsu. Wanda ya ɗaga, gwangwani ne aka shafa wa launi.

Kube kuwa aikin dukawa ne, wajen Buzaye kuma matan maƙera ke yin shi. Fatar jar akuyar Maraɗi ta yi suna har Turai, amma sai ta jemu da bagaruwa sosai. Fatar da ba ta jemu ba tana wari, tana jawo tsatsa da damina. A duba ɗinki, a ja madaukin da ke shiga hannu. Daga ƙarshe a maida wuƙar cikin kube, a kife shi ƙasa a hankali, nesa da ƙafa. Wuƙar da ta zame ta faɗi, wata rana bisa raƙumi za ta faɗi, ko kusa da yaro.