Sa'o'i 72 da Tambayar da Ke Korar Masu Neman Magani

Akwai tambayar da kan tarbi mutumin da ya je asibiti neman maganin kariya bayan saduwar da yake tsoron ta haɗa shi da ƙwayar cutar HIV: "Me ya hana ka amfani da kwaroron roba?" Tambayar tana da muhalli, domin likita na buƙatar amsarta kafin ya auna girman haɗarin. Ɓarnar tana cikin muryar da ake yin ta da ita, da kallon da ke biyo baya, da ƙarin maganar da akan yi a gaban sauran masu jiran layi. Ma'aikacin lafiyar da ya mayar da wannan tambaya tuhuma yana iya ganin tarbiyya yake yi. A zahiri yana cinye wa mutum lokacin da shi kaɗai ya rage masa.

Maganin da ake magana a kai shi ne wanda likitoci ke taƙaita sunansa da PEP, wato shan magungunan da ke daƙile HIV bayan an yi mu'amala mai haɗari, don hana ƙwayar cutar kafuwa a jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa magunguna uku, tenofovir da lamivudine da dolutegravir, waɗanda a Najeriya suke zuwa cikin ƙwaya guda, irin wadda masu ɗauke da cutar ke sha kullum. Sharuɗɗansa biyu ne: a fara cikin sa'o'i 72, kuma a sha kwana 28 ba fashi.

Waɗannan alƙaluma ba a kan son rai aka yanke su ba. Idan ƙwayar cutar ta shiga ta fatar cikin al'aura, takan fara hayayyafa a wurin da ta sauka, sannan cikin 'yan kwanaki ta isa kaluluwa, daga nan ta bazu cikin jini. Da zarar ta dasa kanta a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki, ta zauna ke nan har ƙarshen rayuwa. Gwajin da aka wallafa a 1998, wanda aka yi a kan birai da maganin tenofovir, ya nuna cewa waɗanda aka fara bai wa magani bayan sa'o'i 24 aka kuma ci gaba har kwana 28 sun tsira, yayin da kariyar ta ragu ga waɗanda aka jinkirta wa zuwa sa'o'i 48 ko 72, da waɗanda aka datse wa kwanakin. Shekara guda kafin nan, wani bincike a kan ma'aikatan lafiyar da allura ta soka ya gano cewa shan zidovudine ya rage haɗarin kamuwa da kusan kashi 81 cikin 100. Saboda haka sa'o'i 72 iyaka ce ta ƙarshe. Wanda ya fara a daren da abin ya faru ya fi wanda ya fara a rana ta uku samun kariya.

Hujjar masu tsanantawa sananniya ce, kuma ya kamata a faɗe ta da cikakken ƙarfinta. Suna cewa idan aka sauƙaƙa samun wannan magani, mutane za su yi watsi da kwaroron roba, su dogara da cewa akwai abin da za su sha washegari. A ƙasar Hausa akan ƙara da cewa sauƙaƙawar tamkar buɗe wa zina ƙofa ce. Wannan fargaba ba a nan ta fara ba. Tana cikin abubuwan da suka sa hukumomin Amurka suka daɗe suna ja da baya, har sai 2005 hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta fitar da ƙa'idar bayar da maganin ga waɗanda ba a bakin aikin asibiti suka gamu da haɗarin ba. Amma an gwada fargabar. Binciken da aka yi a birnin San Faransisko, aka wallafa a 2004, ya bi mutanen da suka karɓi maganin tare da shawarwarin ma'aikatan lafiya har tsawon shekara guda, kuma bai ga ƙaruwar saduwa marar kariya ba. Akasarinsu ma raguwa suka bayar da rahoto. Wani binciken a birnin Riyo na Brazil, a wannan shekarar, ya kai ga sakamako makamancin haka. Dalilin ba boyayye ba ne ga duk wanda ya san abin da wata guda na tashin zuciya da kasala da zullumin jiran sakamakon gwaji ke yi wa mutum. Ba kasafai ake samun mai sha'awar maimaita shi ba.

Sannan tambayar ta ginu ne a kan zaton cewa duk wanda ya zo bai yi amfani da kwaroron ba. Da yawa sun yi, ya fashe ko ya zame. Kuma fashewar tana da sanadin da asibiti ne ya fi cancanta ya koyar. Robar da ake yin yawancin kwaroro da ita ba ta jituwa da mai: Vaseline da man kaɗanya da man ja da man shafawa duk suna raunana ta cikin 'yan mintoci, alhali su ne mafi kusa da hannu a ɗakunan mutane. Zafi ma yana lalata ta, kuma kwaroron da ya yi watanni a aljihun wando ko a cikin mota a zafin watan Afrilu ba abin dogaro ba ne. Akwai wanda ba ya duba ranar ƙarewar aiki, akwai wanda ba ya matse iskar da ke kan tsinin kafin ya saka, akwai mai yaga leda da haƙori, akwai mai haɗa biyu yana zaton ya ninka kariya, alhali gogayyarsu ce ke yaga su. Mutumin da kwaroro ya fashe masa ya riga ya yarda da kwaroro. Minti biyar na bayani zai gyara masa kuskuren. Idan aka tarbe shi da wa'azi, zai fita da kuskurensa yadda ya shigo da shi, tare da ƙudurin ba zai sake dawowa ba.

Akwai kuma waɗanda tambayar ta zama zalunci a kansu. Yarinyar da aka yi wa fyaɗe ba ta da amsar da za ta bayar. Haka matar auren da ta tsinci katin asibitin mijinta ta gane abin da ya ɓoye mata. A gidaje da yawa, ambaton kwaroro daga bakin mace kan jawo zargi ko saki. Binciken ƙasa na 2018 ya ƙiyasta cewa mutum kusan miliyan 1.9 ne ke ɗauke da HIV a Najeriya, kuma mata sun fi maza yawa a cikinsu. Ga masu kawo hujjar zina, amsar gajeriya ce: likitan sashen haɗari ba ya tambayar direba gudun da yake yi kafin ya ɗaure masa karaya.

Wannan duka bai wanke masu ɗaukar maganin a matsayin madadin kwaroro ba, kuma akwai su. Sun yi kuskure babba. Maganin ba ya hana ciwon sanyi, ba ya hana tunjere, ba ya hana juna biyu. Kwaroron roba, idan ana amfani da shi a kowace saduwa, yana rage yaɗuwar HIV tsakanin mace da namiji da kimanin kashi 80 cikin 100 bisa taƙaitaccen nazarin bincike da dama, ya kuma haɗa da kariya daga sauran cututtukan, a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Ko a cikin kwanaki 28 na shan maganin ana buƙatarsa, har sai gwajin bayan wata uku ya tabbatar da tsira, domin kada mutum ya shafa wa iyalinsa abin da bai san yana ɗauke da shi ba. Wanda ya dawo neman maganin karo na biyu ko na uku kuwa, alama ce cewa haɗarin yana tare da rayuwarsa, kuma abin da ya dace da shi shi ne maganin rigakafi da ake sha tun kafin saduwa, PrEP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi ga duk mai fuskantar babban haɗari tun 2015. Sai dai babu wanda zai saurari ko ɗaya daga cikin waɗannan bayanai daga bakin wanda ya gama ci masa fuska.

Raunin gaskiya na wannan magani yana wani wurin daban. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike daga ƙasashe da dama ya gano cewa ɗan abin da ya haura rabin waɗanda suka fara ne kawai ke kammala kwana 28, kuma adadin ya fi faɗuwa a tsakanin waɗanda aka yi wa fyaɗe. Mai buƙatar komawa asibiti don karɓar ragowar magani ko yin gwaji yakan tuna yadda aka karɓe shi a karon farko. Wannan na cikin dalilan da suka sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta sabunta a 2024, ta nemi a fitar da maganin daga manyan asibitoci zuwa cikin al'umma, a kuma bar ma'aikatan da ba likitoci ba su riƙa bayar da shi.

A Najeriya maganin ya fi samuwa a sassan kula da masu HIV, waɗanda yawancinsu ke aiki da rana a ranakun mako. Lissafin mai sauƙi ne. Wanda kwaroro ya fashe masa da ƙarfe 10 na daren Juma'a, idan sai safiyar Litinin da ƙarfe 8 ya samu ƙofa a buɗe, sa'o'i 58 sun riga sun tafi, saura 14. Cikinsu zai yanki kati, ya bi layi, a gwada jininsa don tabbatar da cewa ba ya ɗauke da cutar tun da farko. Idan a wannan gaɓar nas ta ɗaga murya ta tambaye shi abin da ya hana shi kame kansa, ya ji kunya ya sulale da niyyar gwada wani asibitin gobe, to ranar Talata babu likitan da ƙa'ida ta yarje wa ya rubuta masa maganin.