Mota Mai Turbo: Saniyar Turai a Makiyayar Bunaji

A kowace shekara ma'aikata da 'yan kasuwa masu yawa a garuruwan Arewa sukan kwashe abin da suka daɗe suna tarawa, wasu ma har da rance, su nufi wurin dillalai domin sayen motar da ake kira 'yar Beljiyam ko 'yar Kwatano, wato wadda aka riga aka mora a Turai ko Amurka. Mai saye kan zagaya motar, ya shafa fenti, ya duba kujeru da tayoyi, ya tambayi shekarar ƙira. Abin da ba safai yake tambaya ba shi ne ma'anar ɗan harafin "T" ko kalmar "Turbo" da ke manne a bayanta. Alhali kuwa wannan ɗan rubutu yana da ta cewa a kan ko motar za ta yi shekara goma tana hidimar iyali, ko kuwa ta tare a garejin bakanike tun kafin a gama biyan bashinta.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, matsakaiciyar mota mai turbo, irin su Honda Accord da Hyundai Sonata da Ford Fusion, ba mugun saye ba ce. Sai dai ba ta yafe sakaci. Wanda zai riƙe ta da ɗabi'un da aka saba da su a zamanin Peugeot 504, gara ya bar ta inda ya gan ta.

Yadda inji yake numfashi

Inji da jikin ɗan Adam sun yi tarayya a abu guda, wato dukansu suna samun ƙarfi ne ta hanyar ƙona makamashi da iskar oksijin. Jiki yana ƙona sukari a hankali cikin ƙwayoyin halitta, inji kuwa yana ƙona fetur farat ɗaya cikin silinda. Oksijin kashi 21 ne kacal cikin 100 na iskar da ake shaƙa, don haka kafin giram ɗaya na fetur ya ƙone sarai, sai an haɗa shi da giram 14.7 na iska. Ke nan ƙarfin inji ya ta'allaƙa ne ga yawan iskar da yake iya zuƙa. Ƙara masa fetur ba tare da iska ba daidai yake da ɗura wa mai ciwon asma abinci domin ya yi gudu.

A nan ne turbo ya shigo. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ne ya yi rajistar dabarar a shekarar 1905. Fankoki biyu ne ƙanana a kan sandar ƙarfe ɗaya. Hayaƙin da ke fita zuwa salansa yana juya ta farko, ita kuma ta juya ta biyu, wadda ke danna iska cikin inji da ƙarfi. Ta haka ƙaramar silinda kan samu iskar da ta kusa ninka wadda za ta iya zuƙa da kanta. An fara ganin dabarar a ƙananan motocin kasuwa a Amurka a 1962, sa'an nan kamfanin Saab na Suwidin ya fito da ita fili a ƙarshen shekarun 1970.

Abin da ya yawaita ta a wannan ƙarni shi ne dokokin rage shan mai da hayaƙi. Tarayyar Turai, alal misali, ta kafa doka a 2009 wadda ta ƙayyade hayaƙin kabon da sababbin motoci za su fitar. Sai kamfanoni suka koma ƙera ƙananan injuna suna ɗora musu turbo. Sonata ta 2011 ta ajiye inji mai silinda shida, ta ɗauki mai silinda huɗu na lita 2.0 da turbo, mai ƙarfin doki 274. Accord ta 2018 kuwa ta maye gurbin injinta na lita 2.4 mai ƙarfin doki 185 da na lita 1.5 mai ƙarfin doki 192. Inji ya ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku, amma ƙarfi ya ƙaru.

Daɗin tuƙi da abin da ke biye da shi

Wajibi ne a faɗi alherin wannan mota. Tana da ƙarfin ja tun kafin inji ya ɗauki gudu sosai, wanda hakan ke sauƙaƙa wuce tirela a kan hanya. A wurare masu tudu kamar Jos, wadda ta haura mita 1,200 daga doron teku, iska ba ta da kauri, kuma injin da ba shi da turbo kan yi asarar kimanin kashi goma cikin ɗari na ƙarfinsa, kamar yadda baƙo kan yi haki a kan dutse. Mai turbo yakan cike mafi yawan wannan giɓi. Haka nan idan aka tuƙa ta cikin natsuwa tana da sauƙin shan mai, abin da ya zama muhimmi ga kowane magidanci tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023. Sharaɗin dai shi ne natsuwar, domin duk lokacin da aka take totur har ƙasa, ƙaramin injin yakan sha mai kamar babba.

To, amma masana halittu sun san cewa ƙanƙanta tana da nata haraji. Zuciyar giwa tana bugawa kimanin sau 30 a minti ɗaya, ta ɓera kuwa sau 500 ko fiye. Ƙaramin inji da aka ɗora wa aikin babba yana rayuwa ne cikin matsi da zafi. Fankar turbo takan yi juyi fiye da 150,000 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta kuma zafinsa kan kai digiri 900 a ma'aunin Salshiyas. Abin da ya raba wannan sanda mai gudu da ƙarfen da ke kewaye da ita shi ne wani siririn shimfiɗin baƙin mai wanda bai kai kaurin gashi ba. Baƙin mai shi ne jinin turbo, shi ke sa santsi, shi ke ɗauke zafi. In ya gurɓace ko ya yanke na ɗan lokaci, ɓarnar ba ta gyaruwa da addu'ar bakanike.

Muhalli da ɗabi'a

Makiyaya sun daɗe da sanin darasin da masu motoci ke koya yanzu da tsada. Saniyar Turai irin ta Firiziyan tana ba da madara fiye da lita 20 a rana, Bunaji kuwa 'yan litoci kaɗan. Amma Bunaji tana jure rana da ƙishirwa da doguwar tafiya, ita kuwa baƙuwar sai da inuwa da abinci na musamman da likita a kusa. Motar 504, wadda aka yi shekaru ana harhaɗawa a masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975, Bunaji ce. Tana haƙuri da kowane irin mai, kuma bakaniken ƙauye yana gyara ta da sifana da filaya. Mota mai turbo Firiziyan ce, kuma abubuwa huɗu ne ke yi mata barazana a wannan muhalli.

Na farko shi ne baƙin mai. Littafin Accord ta 2018 ya nemi mai mara kauri mai lamba 0W-20, amma da yawa daga cikin kanikawa sukan zuba mai kauri mai lamba 20W-50, bisa zaton cewa ƙasa mai zafi sai mai kauri. Irin wannan mai yana jinkirin isa ga turbo lokacin tayar da inji. Ga kuma jabun mai da ake durawa cikin galan na asali. Bugu da ƙari, ƙananan injunan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda suna fama da wata matsala ta kamawar wuta kafin lokaci, wadda takan fasa fistin. Saboda ita ne aka fito da ma'aunin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Mai irin wannan mota ya kamata ya nemi ɗaya daga cikin alamun nan a jikin galan.

Na biyu shi ne ƙura. A lokacin hunturu iska tana ɗauke da ɓarɓashin yashi, kuma fankar da ke gudu irin wanda aka ambata, yashi yana cin bakinta kamar zarto. Al'adar cire matatar iska a karkaɗe ta a mayar har ta yage, ko sayen mai araha wadda ba ta zauna daidai ba, hanya ce ta kashe turbo. Araha dai ba ta ado.

Na uku shi ne zafi. Iska tana ɗumama idan aka matse ta, shi ya sa ake bi da ita ta wata na'urar sanyayawa kafin ta shiga inji. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri, aikin wannan na'ura yana ƙaruwa. Cire na'urar daidaita zafin inji da wasu kanikawa ke yi, da zuba ruwan rijiya zalla a lagireto, duk suna dagula tsarin da turbo ya dogara da shi. Haka nan kashe inji nan take bayan doguwar tafiya da gudu yana barin mai ya toye a cikinsa. Turbo na zamani ana sanyaya shi da ruwa, wanda ya rage wannan haɗari, amma sassauta gudu kafin isowa da barin inji ya huta na minti ɗaya ko biyu ba su da tsada.

Na huɗu shi ne fetur. Inji mai matsi yana son fetur mai tsabta. Ba a manta da watan Fabrairu na 2022 ba, lokacin da aka shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Nijeriya, ya lalata motoci. Fetur ɗin jarka na 'yan bumburutu, wanda ba a san abin da aka gauraya masa ba, caca ce ga irin wannan inji.

Kafin a biya kuɗi

Mai sayen motar hannu yana sayen tarihin wani ne wanda bai taɓa gani ba. Saboda haka ya je da sassafe ya sa a tayar da injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi daga salansa alama ce ta ƙonewar baƙin mai. Ya buɗe murfin wurin zuba mai ya duba ko akwai baƙin dasƙararren datti. Ya saurari ƙara mai kama da jiniya idan an taka totur. Ya sa a jona motar da kwamfutar bincike, wadda duk motar da aka sayar a Amurka tun 1996 take da mahaɗinta. Ya kuma yi amfani da lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 ya binciki ko ta taɓa yin hatsari, ko ambaliya ta cinye ta, ko kamfani ya taɓa kiran irinta domin gyara. A 2015, misali, kamfanin Hyundai ya kira Sonata ta 2011 da 2012 kimanin 470,000 a Amurka saboda matsalar inji.

Wani zai ce, me ya kai mutum ga wannan wahala alhali ga Camry mara turbo? Wannan magana tana da hujja, kuma ga wanda ke zaune nesa da ƙwararren bakanike ita ce shawara mafi aminci. Sai dai kasuwar hannu ba ta da zaɓi a kan abin da ake turo mata. Rahoton Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2020 ya nuna cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ce ta karɓi kaso mafi girma. Abin da waɗannan ƙasashe suka saya sabo shekara goma da suka wuce, shi ne ke sauka a tashoshin Legas da Kwatano. Guje wa turbo yana ƙara wuya kowace shekara.

Kammalawa

Tun da haka ne, abin da ya rage shi ne ilmi. Ya kamata kwalejojin fasaha su shirya gajerun kwasa-kwasai da Hausa domin kanikawa, hukumomi kuma su tsananta wa masu jabun baƙin mai. Shi kuwa mai saye, ya ware kuɗin juye a kan kari, da mai na ƙwarai, da matatar iska ta asali, tun kafin ya yi ciniki, ya lissafa su cikin farashin mota. In lissafin ya fi ƙarfin albashinsa, ya nemi Bunajinsa ba tare da jin kunya ba. In kuwa ya ga zai iya, to ya saya da idonsa a buɗe, domin kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.