Ko Jaki Ya San Kansa?

Yara, in kun je kasuwar Jibiya, kusa da iyakar Nijar, za ku ga jakuna suna shigowa da buhunan gero. Wani ya yi ta jibgar nasa da sanda, in an yi magana ya ce ai dabba ba ta san kome ba. Ni ban yarda ba.

A shekarar 1970 wani masani na Amurka, Gordon Gallup, ya ba da labarin gwajin da ya yi wa manyan birai da ake kira cimfanzi. Ya aje musu madubi har suka saba da shi. Sa'an nan ya sa su barci, ya shafa musu jan launi a gira. Da suka farka suka dubi madubin, sai suka kai hannu ga girarsu. Watau sun gane su ne a ciki. A 2006 aka ba da labarin wata giwa da ita ma ta yi kamar haka a Amurka.

To, jaki fa? Madubi ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Jaki ya san muryar ubangidansa, ya san hanyar gida, yana kuma tuna inda ya sha wuya. Mai tuna wuya kuwa, lalle ya ji ta a jikinsa.

Saboda haka kada ku labta masa abin da ya fi ƙarfinsa. Ku shayar da shi, in ya yi gyambo ku hutar da shi. Rashin baki ba rashin ji ba ne.