Madugu Ba Shi Ke Ɗaukar Kaya Ba: Zariya da Gardamar Mai Raba Ƙwallo

Akwai wata daɗaɗɗiyar gardama a tsakanin masu bibiyar ƙwallon kwando, wadda takan farfaɗo duk watan Yuni idan gasar NBA ta Amurka ta zo ƙarshe: shin mai raba ƙwallo, wanda galibi shi ne mafi gajarta a cikin 'yan wasa biyar, zai iya jan ƙungiya har ta ɗauki kofi? A wurare da yawa wannan hira ce ta rage dare. A Zariya kuwa ta fi haka nauyi. Titin da ya tashi daga Sabon Gari, ya ratsa Kwangila da Palladan, yana direwa ne a Samaru, inda Jami'ar Ahmadu Bello take, kuma a filinta ne wani yaro ya koyi wasan, ya girma ya amsa wannan tambaya a aikace a gasa mafi girma a duniya. Sannan amsar da aka yarda da ita ita ke yanke wane yaro koci zai ɓata lokacinsa a kansa, wane ne kuma za a ce masa ya koma ƙwallon ƙafa tun da tsawonsa bai kai ba.

Aikin mai raba ƙwallo

A filin wasa ana kiransa lamba ɗaya. Shi ke ɗauko ƙwallo daga bayan fili, ya tsallake da ita layin tsakiya cikin daƙiƙa 8, ya kuma tabbatar an jefa ta kwando kafin daƙiƙa 24 su cika. A wannan ɗan tsakanin zai karanta yadda abokan hamayya suka tsaya, ya zaɓi dabarar da za a bi, ya san wanda hannunsa ya yi zafi da wanda ya gaji, ya san lokacin gudu da lokacin jan ƙafa. Koci yana gefe. Shi ne idon koci da bakinsa a cikin fili.

Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba ta da magani: kwando yana sama da ƙasa da ƙafa 10. A wasannin ƙarshe, inda ƙungiyoyi biyu ke iya haɗuwa har sau bakwai, kowace takan haddace dabarun ɗaya. Idan dabara ta ƙare, abin da ya rage shi ne wanda zai iya jefa ƙwallo ta saman kan mai tsaronsa, ko ya cafke ta idan ta dawo daga kwando. A nan dogo yana da rinjayen da ba a koyar da shi.

Masu cewa gajere ba ya kawo kofi ba su rasa hujja ba. John Stockton na Utah ya miƙa ƙwallon da aka ci da ita sau 15,806, adadin da ya kafa tarihi a NBA, amma sau biyu ya kai wasan ƙarshe, a 1997 da 1998, sau biyun Michael Jordan ya tare masa hanya. Steve Nash ya zama gwarzon kakar wasa a 2005 da 2006, bai taɓa buga wasan ƙarshe ba. Allen Iverson ya kai Philadelphia har ƙarshe a 2001, ya ci karo da Shaquille O'Neal. Chris Paul ya jira shekara 16 kafin ya isa wurin a 2021, sai Giannis Antetokounmpo, ɗan asalin Najeriya, ya zuba maki 50 a wasa na shida ya rufe maganar. Ga 'yan Najeriya kuma misali mafi kusa shi ne Hakeem Olajuwon, dogon Legas, wanda ya ɗauki Houston a kafaɗarsa ta lashe kofi a 1994 da 1995.

Sai dai ɗaya ɓangaren ma yana da nasa sunayen. Magic Johnson ya ci kofi biyar da Lakers, ko da yake masu gardama sukan ce a cire shi, domin tsawonsa ƙafa 6 da inci 9 ne, har ya buga a matsayin ɗan tsakiya a wasan ƙarshe na 1980 ya ci maki 42. To, Isiah Thomas fa, mai ƙafa 6 da inci 1, wanda ya ja Detroit ta ci a 1989 da 1990? Chauncey Billups ya zama gwarzon wasannin ƙarshe a 2004, Tony Parker a 2007, Stephen Curry a 2022, Shai Gilgeous-Alexander a 2025. Ba don sa'a jerin ya yi kauri a baya-bayan nan ba. An shigo da layin maki uku NBA a 1979, aka kuma tsananta dokar hana tare ɗan wasa da hannu a 2004. Dokokin biyu sun buɗe fili ga mai sauri da mai saiti. Curry ya jefa ƙwallo mai maki uku sau 402 a kakar 2015 zuwa 2016 kaɗai. Wanda ke iya ci daga nesa ya rage wa tsawo daraja, ko da bai kashe ta ba.

Amsar ɗan Zariya

An haifi Masai Ujiri a Ingila a 1970, aka dawo da shi Zariya yana ƙarami. Ƙwallon ƙafa ya fara bugawa kamar sauran yaran gari, sai yana kusan shekara 13 ya koma ƙwallon kwando, ya shiga hannun Oliver Johnson, Ba'amurken kocin da ya shafe shekaru da dama yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello, wanda aka fi sani da Koci OBJ. Ujiri bai taɓa buga wasa a NBA ba. Ya yi wasa a kwaleji a Amurka, ya yi wasu shekaru a Turai, ya zama mai farautar 'yan wasa, har ya zama gwarzon shugabannin ƙungiyoyi na NBA a 2013 yana Denver. A shekarar ce ya karɓi ragamar Toronto Raptors.

Ya tarar da Kyle Lowry a can, mai raba ƙwallo mai ƙafa 6 cif, mai taurin kai da zafin zuciya. Shekara biyar Lowry da abokinsa DeMar DeRozan suna kai Toronto zagayen fitar da zakara, shekara biyar ana dawo da su gida, uku daga ciki a hannun LeBron James. A watan Yulin 2018 Ujiri ya yanke hukuncin da ya ɓata wa magoya baya rai: ya bayar da DeRozan, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio. Lowry kuwa ya riƙe shi. Ya ga cewa ƙungiyar tana da jagora, abin da ta rasa shi ne mai ɗaukar nauyi idan dabara ta ƙare.

Ranar 13 ga Yunin 2019, a wasa na shida da Golden State, Lowry ne ya ci maki 11 na farko na Toronto shi kaɗai. Ya gama da maki 26, ya miƙa ƙwallon ci sau 10. Fred VanVleet, shi ma gajeren mai raba ƙwallo, ya ƙara 22. Pascal Siakam ɗan Kamaru ya ci 26. Aka tashi 114 da 110, kofi ya bar Amurka a karon farko. Leonard aka ba kyautar gwarzo, kuma ya cancanta. Gaskiya ne raunin da Kevin Durant da Klay Thompson suka ji ya sauƙaƙa wa Toronto hanya, amma abin da ya biyo baya ya fi wannan daren koyar da darasi. Leonard ya tafi Los Angeles bayan wata guda. Lowry ya ci gaba da jan ƙungiyar, ta ci wasa 53 ta faɗi 19 a kakar da ta biyo, sakamakon da kusan ba wanda ya yi zato. Amma a zagaye na biyu Boston ta fitar da ita a wasa na bakwai.

Wannan shi ne ainihin amsar. Gardamar ta daɗe ne saboda tana cakuɗa abu biyu: jagoranci da ɗaukar kaya. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja neman goro sun san bambancin. Madugu ba shi ne mafi ƙarfi a ayari ba, ba kuma shi ke ɗaukar kaya mafi nauyi ba. Shi ke sanin inda za a yi zango, da lokacin tashi, da yadda za a sasanta da masu ƙasa a wuce lafiya. Ayarin da ba shi da ƙarfafa ba ya kawo kaya gida, wanda ba shi da madugu kuwa ko hanya ba ya ganewa. Mai raba ƙwallo yana iya jan ƙungiya zuwa kofi, an gani sau da yawa. Abin da ba kasafai yake iyawa ba shi ne ya ɗauke ta shi kaɗai. Amma dogon ma ba ya iyawa: Olajuwon ya yi shekara goma a NBA kafin ya samu abokan da suka dace da shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, dogo ne ko gajere.

Abin da ake asara a gida

Najeriya ta yi suna wajen fitar da dogaye. Amma duk wanda ya duba masu riƙe wa ƙasar ƙwallo a manyan ranakunta zai ga wani abu. Ezinne Kalu, wadda ta zama gwarzuwar gasar Afirka ta mata a Dakar a 2019, ta kuma ja D'Tigress zuwa zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a wasannin Olamfik na Paris a 2024, matakin da babu wata tawagar Afirka ta maza ko ta mata da ta taɓa kaiwa, an haife ta ne a New Jersey. Ben Uzoh, wanda ke cikin D'Tigers da suka ci kofin Afirka a 2015, haifaffen Houston ne. Gabe Vincent, wanda ya ci maki 21 ranar da Najeriya ta doke Amurka 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas a 2021, a Kalifoniya ya tashi. 'Yan ƙasa ne, kuma sun yi wa ƙasa hidima. Sai dai makarantun Amurka ne suka ƙera su. Ƙasa tana fitar da ƙarfafa, tana shigo da madugai.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Mai farautar 'yan wasa daga waje yana neman abin da ya yi ƙaranci a kasuwarsa, wato tsawo. Gajeru masu iya sarrafa ƙwallo yana da su dubbai a gida. Dogon da ya fara wasa yana shekara 15 ana iya gyara shi. Mai raba ƙwallo kuwa ba ya samuwa sai ya fara tun yana ƙarami, ya buga ɗaruruwan wasanni na gaske, da alƙali da agogo da matsin lamba, ya yi kuskure ya koya. Idan kocin gida ya ɗauki ma'aunin baƙo ya mai da shi nasa, yaron Palladan ko Sabon Gari mai matsakaicin tsawo da kaifin ido zai zauna a benci har ya gaji ya tafi.

Za a iya cewa kocin bai yi laifi ba, tun da dogon ne ke da damar samun gurbin karatu a waje ya ɗauke wa iyalinsa nauyi. Wannan magana ce ta gaskiya, ba a raina ta. Amma 'yan ƙalilan ne ke tsallakawa. Sauran a nan za su buga, a gasar jami'o'i, a gasar ƙasa, a ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, kuma kofunan nan duka sai da madugu ake cinsu. Shi kansa dogon da ake son fitarwa ba ya bayyana iyawarsa sai da mai miƙa masa ƙwallo a inda ya dace. Ko Ujiri, lokacin da yake shirya sansanonin horo a Najeriya, bai tsaya ga na dogaye da ake yi a Kudu ba. Ya haɗa da wani a Arewa na zaƙaƙurai 50.

Abin da ake bukata ba mai tsada ba ne idan aka kwatanta shi da gina katafaren zauren wasa. Gasa ce mai ɗorewa tsakanin makarantun sakandare na Samaru da Palladan da Sabon Gari da cikin birni, maza da mata, wadda za a riƙa bugawa kowane mako, da alƙalai da agogo, da wanda zai riƙa rubuta ba maki kaɗai ba har da wanda ya miƙa ƙwallon ci da wanda ya ɓarar da ita. Abin da ba a ƙirgawa ba a ganin darajarsa. Tsofaffin ɗaliban jami'a da na makarantun garin, waɗanda yanzu likitoci ne da injiniyoyi da matuƙan jirgin sama, sun fi ƙarfin kuɗin ƙwallaye da alawus ɗin alƙalan wasa na zangon karatu guda. Tsawo kyauta ce daga Allah, ba wanda ke bayar da shi. Mai raba ƙwallo kuwa gari ne ke reno har ya samar da shi, kuma Zariya ta riga ta nuna cewa ta iya renon mai idon da ke karanta fili.