Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta fara sayar da fom, sai ɗalibanmu su yi dafifi a cibiyoyin rajista. Abin takaici, da yawansu a nan gaban kwamfuta suke fara tunanin abin da za su karanta. Mai rajista ya ce, "Wane kwas?" Yaro ya waiwayi abokinsa, ya ce, "Likita." Shawarar da za ta bi shi har tsufa an yanke ta cikin minti biyu. Ra'ayina shi ne shirin shiga jami'a daga aji uku na ƙaramar sakandare yake farawa, kuma nauyin wannan shiri yana wuyan makaranta.

Bari mu dubi ƙa'idojin. An kafa JAMB a 1978, kuma tun daga 2015 da kwamfuta kaɗai ake jarrabawarta. Ɗalibi yana amsa darussa huɗu, jimlar maki 400, Turanci dole ne, sauran ukun kuwa kwas ɗin da ya zaɓa ne ke tantance su. Mai neman likitanci zai ɗauki ilimin halittu da kimiyyar sinadarai da fizis. Mai neman injiniyanci zai ɗauki lissafi da fizis da kimiyyar sinadarai. Bayan wannan, ana buƙatar kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, kuma ga ɗalibin kimiyya dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. To, yaron da ya guje wa fizis a shekararsa ta farko a babbar sakandare don an ce masa yana da wuya, ya rufe wa kansa ƙofar likitanci da haɗa magunguna da injiniyanci a rana ɗaya, ba zai sani ba sai bayan shekara uku. Haka kuma wanda ya haɗa darussan da ba su dace da kwas ɗinsa ba, ko ya ci maki 300 ba za a ɗauke shi ba.

Akwai kuma abin da ɗalibai kaɗan ne suka sani. Jami'o'in tarayya suna raba gurabensu kashi uku: 45 cikin ɗari bisa cancanta, 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, 20 ga jihohin da aka bari baya a ilimin boko. Ke nan zaɓen jami'a ma lissafi ne. Tun 2017 kuma ta tsarin CAPS ake ba da gurbi, sai ɗalibi ya shiga shafinsa ya amsa tayin da kansa. Wanda bai duba ba, gurbinsa na iya wucewa yana zaune a gida yana jiran wasiƙa.

Yanzu mu koma kan likitanci. Sana'a ce mai daraja, babu mai musu. Amma majalisar da ke kula da aikin likita tana ƙayyade yawan ɗaliban da kowace jami'a za ta horar, gwargwadon gadajen asibitinta da malamanta, masu nema kuwa sun ninka guraben sau da yawa. Sai ka ga yaro mai hazaƙa ya yi shekara uku yana maimaita jarrabawa, daga bisani a tura shi sashen ilimin tsirrai ko na ƙananan halittu, ya shigo aji rai a ɓace kamar an kai shi kurkuku. Mu da ke koyar da su muna ganinsu kowace shekara. Da wani ya zauna da shi tun yana sakandare, da ya san abin da ilimin halittu ke yi wa jama'arsa. A 2019 Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru, Zariya, ta fitar da irin waken nan SAMPEA 20-T, wanda ke jure tsutsar da ke huda kwanson wake. Cibiyar da ke Bom, a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, ita ke sarrafa allurar rigakafin cututtukan dabbobi. A Maiduguri akwai cibiyar da ke inganta irin alkama da gero. Masu yaƙi da ƙuduji a gonar dawa da masu nazarin sauron cizo duk daga wannan fanni suka fito, kuma rayukan da suke cetowa ba su da adadi.

Wani zai ce makarantunmu ba su da kuɗin ɗaukar malamin ba da shawara. Gaskiya ne kuɗi ya yi ƙaranci, ko da yake Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta riga ta ambaci wannan buƙata. Sai dai abin da ake nema ba gini ba ne. Shugaban makaranta ya ware malami ɗaya mai haƙuri, a rage masa darussa, ya karanta kundin ƙa'idojin JAMB na shekarar, domin ƙa'idojin kan sauya. Ya zauna da 'yan aji uku kafin su zaɓi fanni, ya dubi sakamakonsu, ya gayyato iyayensu. Ko da sau ɗaya a zango, a kira tsofaffin ɗaliban makarantar da ke jami'a su ba da labari. Ya kuma sanar da waɗanda ba su dace ba cewa akwai shirin IJMB na Jami'ar Ahmadu Bello, mai kai ɗalibi aji biyu kai tsaye.

Wani kuma zai ce iyaye sun fi kowa sanin ɗansu. Sun san halinsa, amma ƙa'idar jami'a ba ta duba burin uba, takarda take dubawa.

Ku kuma ɗalibai, matambayi ba ya ɓata. Tun yau ku rubuta kwas uku da kuke so, ku binciko darussan da kowanne ke buƙata, ku gwada su da sakamakonku na zangon da ya wuce. Ku saba da kwamfuta kafin ranar jarrabawa, ku tabbatar sunanku da ranar haihuwarku iri ɗaya ne a katin ɗan ƙasa da takardun makaranta. In akwai gyara, yanzu ne lokacinsa, tun icen yana ɗanye.